Gandu da Gayauna: Abin da Godiyar Kaka ta Koya Mana a Fammar

Duk wanda ya taɓa halartar sujadar godiyar kaka a ƙauyukanmu na kudancin Kano ya san cewa, in aka ɗebe Kirsimeti, ba ranar da ta kai ta armashi. Tun da hantsi za ka tarar da damin dawa da na gero an jingine su a bangon majami'a, ga buhunan masara, ga wake da gyaɗa a ƙwarya, ga kabewa da rake, ga kaji an ɗaure musu ƙafa, wani lokaci har da ɗan akuya yana ta kuka a gindin bishiya. 'Yan Zumuntar Mata sun sha anko, suna kaɗa tulu da ganga. Sai a riƙa kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowane maigida ya taso da iyalinsa cikin rawa, ya ajiye abin da ya kawo, magatakarda ya faɗi suna da yawan kaya, jama'a su yi tafi.

Haka muka saba yi a 'yar ikilisiyarmu da ke karkarar Fammar, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, makwabciyar Rano. Amma a kakar 2023 mun ga abin da ya hana mu barci. Da muka tsaya a gaba muka duba jama'a, sai muka ga bencuna uku na baya wayam. Gidajen da ba su zo ba kuwa, ba masu sanyin zuwa sujada ba ne. Mutane ne waɗanda ko ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya sai sun zo.

Masu karatu za su tuna yadda shekarar ta kasance. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, daidai lokacin da damina ke kamawa. Kuɗin mota ya tashi, taki ya fi ƙarfin talaka. Waɗansu suka shuka masara ba taki, ta yi ja tun ba ta kai gwiwa ba. Waɗansu kuma ƙuduji ya cinye musu dawa. To, abin da ya rage a rumbu bai kai na ci ba, balle na kawowa gaban jama'a.

"Da wane ido zan shiga?"

Kashegari da yamma muka nufi gidan wata gwauruwa, tsohuwa ce da ke riƙe da jikoki huɗu. Muka tarar tana sussukar ɗan geron da ta samu. Bayan gaisuwa muka ce, "Inna, jiya ba mu gan ki ba, ko jikin ne?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, jiki da sauƙi. Amma da wane ido zan shiga? A kira sunan mai buhu biyu a yi masa tafi, sannan a kira nawa in fito da tiya guda? Gara in zauna gida in gode wa Ubangijina a ɗaki, shi ba ya yi mini dariya."

Muka tambaye ta ko ta yi godiyar. Ta ce tun asuba ta durƙusa, ta lissafa jikokinta da sunayensu, ta gode domin babu wanda zazzaɓi ya ɗauke a daminar, ta gode domin rijiya ba ta ƙafe ba, ta gode domin geron da ke gabanta. Muka koma gida jiki a sanyaye. Ashe ranar da muka kira ranar godiya, godiyar da ta fi kowacce nauyi an yi ta ne a wani ɗakin ƙasa, mu kuwa tafinmu ne ya kore ta daga majami'a.

Wannan ya sa muka zauna muka tambayi kanmu: me ya sa godiyarmu ta zama gasa? Amsar da muka samu ita ce muke so mu raba da 'yan'uwa masu karanta wannan shafi. Godiyar taro ba ta tsayawa da ƙafarta sai in kowane mai bi yana da tasa addu'ar tsakaninsa da Allah. Inda babu wannan, abin da ya rage shi ne biki da nuna isa.

Inda muka fito

Yawancinmu a nan 'ya'yan Maguzawa ne ko jikokinsu, Hausawa ne gaba da baya. Kakanninmu sun san akwai Allah Maɗaukaki, amma sun ɗauke shi yana nesa, don haka mu'amalarsu ta yau da kullum da iskoki take. Wani masani daga Amurka, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya rubuta littafi a kan wannan a 1946. Abin da ya tarar, tsofaffinmu ma suna ba mu labarinsa: kowane iska da irin dabbar da yake so, da launinta, wannan jan zakara, wancan baƙin bunsuru. Maigida ne ke yanka a madadin gida duka, kafin shuka da kuma bayan an kawar da amfani.

A lura da abu biyu a nan. Na farko, ciniki ne: ka ba ni ruwa da lafiya, in ba ka jini. In aka yi alwashi ba a cika ba, sai tsoro ya kama gida. Na biyu, ba kowa ke magana da kansa ba. Mace da yaro da ƙane suna tsaye a baya, maigida ke yi musu.

Bishara ta daɗe kafin ta iso mu. Masu wa'azi uku na farko na mishan ɗin SIM, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Ikko a 1893, biyu daga cikinsu suka rasu cikin shekara guda. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna Zariya daga 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 ƙofa ta soma buɗewa, musamman ta hanyar jiyyar kutare, sannan aka buɗe asibitin ido na Kano a 1943. A 1954 ikilisiyoyin SIM suka zama ECWA. Amma shigowar Maguzawa da yawa cikin bangaskiya ta fi ƙarfi daga shekarun 1970 zuwa gaba, ta hannun masu bishara 'yan ƙasa waɗanda suka zauna cikin ƙauyuka suna noma kamar kowa.

Wato dai tsakaninmu da wurin yanka bai wuce tsara biyu ko uku ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in tsohon tunani ya biyo mu har cikin majami'a ya sake riga. Wani yana kawo buhu ne domin Allah ya biya shi da goma baɗi. Wani yana tsoron in bai kawo ba wani abu zai sami gidansa. Da yawa kuma sun bar wa katikis ko fasto addu'a, kamar yadda dā aka bar wa maigida yanka. Sau nawa mutum zai tare mu a hanya ya ce, "Malam, a sa mu cikin addu'a," amma in ka tambaye shi yaushe rabonsa da ya durƙusa da kansa, sai ya yi ta sosa ƙeya?

Ita kanta sujadar godiyar kaka yadda muke yin ta, baƙuwa ce. Wani limamin coci mai suna Robert Hawker ne ya fara kiran jama'arsa irin wannan sujada a ƙauyen Morwenstow na ƙasar Ingila a 1843, daga nan ta bazu har ta zo mana. Tushenta kuwa yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 26, inda aka umarci Ba'isra'ile ya kawo nunan fari cikin kwando. Amma a duba wurin da kyau. Ba a ce a auna kwandon a faɗa wa jama'a ba. Abin da aka ce shi ne mai kwandon ya buɗe baki da kansa ya ba da tarihin yadda Allah ya fisshe su daga bauta. Sa'an nan a ci tare da Balawe da baƙo. Kwandon shaida ne kawai, maganar bakin mutumin ita ce godiyar.

Goma suka roƙa, ɗaya ya dawo

Mu da jiyyar kutare ta buɗe wa bishara ƙofar ƙasarmu, ya kamata labarin da ke cikin Luka 17:11-19 ya tsaya mana a rai. Kutare goma suka haɗa murya suka roƙi Yesu jinƙai, duka goma suka warke. Amma mutum ɗaya tak ya juyo, shi ma Basamariye, wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Roƙon na taro ne, domin wahala takan haɗa mutane. Godiyar kuwa sai da mutum ya rabu da ayari, ya juya shi kaɗai, ya faɗi a gaban Ubangiji. Babu wanda zai iya yi masa wannan juyowar.

Akwai kuma gargaɗi cikin Luka sura 18. Bafarisiyen nan da ya shiga Haikali, da godiya ya buɗe addu'arsa, amma godiyar ta zama lissafin azuminsa da zakkarsa da yadda ya fi mai karɓar haraji. Ashe ana iya yin fahariya da kalmar "na gode". Da muka karanta wannan muka tuna da muryar magatakardanmu yana kiran buhuna, sai kunya ta kama mu. A Markus sura 12 kuma, gwauruwar da ta saka 'yan kuɗinta biyu, ba wanda ya yi mata tafi. Yesu ne kaɗai ya gan ta.

Gandu da gayauna

Manomi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Kowane gida yana da gandu, gonar da ake nomawa tare a ƙarƙashin maigida, daga ita ake ciyar da kowa. Amma kowane baligi, har da matanmu da ba su san kulle ba, yana da gayauna, 'yar gonarsa ta kansa wadda yake zuwa bayan an tashi daga gandu. Ba mai tsaya masa a kai. In ya nome ta, shi ya sani. In ya bar ta ciyawa ta cinye, shi ya sani. Dattawa kuwa sun san cewa daga gayaunar yaro ake gane irin manomin da zai zama.

Sujadar Lahadi gandu ce, kuma ba mu raina ta ba, domin an gargaɗe mu cikin Ibraniyawa sura 10 kada mu bar taruwa. Addu'ar kaɗaici ita ce gayauna. Mai bin da ba shi da gayauna, ran da gandu ya watse ba shi da abin kamawa.

Mun kuwa ga ranar da ya watse. A watan Afrilu 2020, saboda annobar korona, gwamnati ta hana taruwa a Jihar Kano, aka rufe masallatai da majami'u na makonni. Ba ganga, ba wa'azi, ba karɓar baiko. Da aka sake buɗewa muka ga bambanci ƙiri-ƙiri. Waɗanda suka saba yin addu'a da kansu sun dawo da ƙarfinsu, har waɗansu iyaye mata suka ce a lokacin ne suka fara koya wa 'ya'yansu Addu'ar Ubangiji. Waɗansu kuwa, har da masu zama a bencin gaba, sun dawo kamar baƙi, waɗansu ma ba su dawo ba har yau. Ya kamata a ce mun ɗauki darasi tun a lokacin, amma muka koma tafi da kiran suna, sai da bencunan 2023 suka farkar da mu.

Godiya a shekarar da babu

Wani zai ce, to, Malam, wanda gonarsa ta ƙi, me zai gode? Tambaya ce ta gaskiya, kada a amsa ta da gatse. Tsofaffinmu sun ga farin 1973, sun ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 har dalar gyaɗar Kano ta zama labari, sun kuma ga yunwar 1984. Ba su ce abin da daɗi ba. Littafin Zabura ma cike yake da kuka da ƙorafi a gaban Allah. Godiya ba ta hana mu cewa taki ya yi tsada, ba ta hana mu neman hakkinmu wurin hukuma game da makaranta da asibiti da hanya.

Amma Annabi Habakuk, a ƙarshen littafinsa, ya lissafa itatuwa marasa 'ya'ya da gonaki marasa amfani da garke wayam, duk da haka ya ƙudura zai yi murna da Allah mai cetonsa. Manzo Bulus yana ɗaure ne sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa cewa su haɗa roƙonsu da godiya. A ƙasar Jamus kuma, lokacin Yaƙin Shekara Talatin da aka yi daga 1618 zuwa 1648, akwai wani fasto mai suna Martin Rinkart a garin Eilenburg. A 1637 annoba ta faɗa wa garin, ya binne mutane sama da 4,000 cikin shekara guda, har da matarsa. Wannan mutum shi ne ya rubuta ɗaya daga cikin waƙoƙin godiya da Kirista suka fi rerawa a duniya. Irin wannan godiya ba a rumbu take tsirowa ba. Tana fitowa ne daga mutumin da ya daɗe yana zance da Allah shi kaɗai, har ya san Mai bayarwa ya fi abin da ake bayarwa.

Harshenmu ma ya riga ya koya mana. A ce maka "Ina aiki?" ka ce "Aiki da godiya." Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwar Rano tare, muke gayya tare, ba sa rabuwa da hamdala a baki ko a wane hali. Abin da ya rage shi ne kalmar ta sauko daga leɓe zuwa zuciya.

Abin da muka sauya

Da muka kai maganar gaban dattawan ikilisiya, ba a rabu da daɗi ba a zaman farko. Wani dattijo, mutumin kirki, ya ce, "Malam, ka yi tunani. In aka daina kiran suna, baiko zai ragu. Rufin kwanon nan yana yoyo. Kai kanka daga hatsin nan kake ci, kai za ka fara jin yunwa." Gaskiya ya faɗa, ba kuwa za mu ɓoye cewa gabanmu ya faɗi ba, domin muna da iyali. Sai da aka yi zama uku kafin aka amince a gwada.

Ga abin da aka shirya. Ana kawo kayan godiya ran Asabar da yamma, a zuba a wuri ɗaya, dattijo ɗaya da uwar zumunta ɗaya su rubuta domin amana, amma ba a karantawa a gaban jama'a. Ran Lahadi kowane gida yana fitowa da rawarsa kamar dā, sai dai a maimakon magatakarda ya faɗi buhu, mutum ɗaya daga gidan ya faɗi abu guda da Allah ya yi musu a shekarar. Ana kuma ware kashi na hatsin domin gwauraye da marayu kafin a taɓa sauran.

Sa'an nan muka juya ga gayauna. Da yawa cikinmu ba su yi makaranta ba, suna tsammani addu'a sai mai iya karatu. Muka koya musu abu mai sauƙi: kafin ka roƙi komai, faɗi abu uku da ka gode saboda su, ka kira su da sunansu. Kada ka ce "na gode da komai". Ka ce na gode da ruwan daren jiya, na gode da saniyar da ta haihu lafiya, na gode da gafarar da na samu cikin Almasihu. Game da lokaci, Daniyel ya tsayar wa kansa sau uku a yini. Mu ma kiran assalatu daga masallacin maƙwabta yana tashe mu kullum, sai muka ce kowa ya mai da shi ƙararrawarsa.

Waɗansu suka ce gidajenmu cike suke, ina mutum zai sami wurin kaɗaita? A Matiyu 6:6 Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. A makarantar Littafi Mai Tsarki an koya mana cewa kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita tana nufin ƙuryar ɗaki ko ɗakin ajiya. Ba gini na musamman ake nufi ba. Bayan rumbu ya isa. Gindin ɗorawa a gona ya isa. Hanyar rijiya ta isa. Wata yarinya ta ce mana ita nata wurin shi ne lokacin da take tsaron akuyoyi.

Me ya biyo baya? A kakar 2024 abin da aka tara bai kai na shekarun kiran suna ba, dattijon nan bai yi ƙarya ba. Gyaran rufi sai da aka ɗaga shi. Waɗansu masu hali biyu sun nuna ɓacin ransu. Amma bencunan baya sun cika. Da aka zo kan gidan gwauruwar nan, ta miƙe da sandarta, ta ce ta gode domin babban jikanta ya iya karanta mata Zabura da dare. Ba wanda ya san ko tiya ta kawo ko dami, ba kuma wanda ya tambaya.

Ba mu ce kowace ikilisiya ta kwaikwayi tsarinmu ba, kowane gida da yadda yake tuƙa tuwonsa. Roƙonmu ga 'yan'uwanmu katikis da masu bishara da fastoci, daga Rano zuwa Sumaila, daga Tudun Wada zuwa Rogo, shi ne wannan: in ranar godiyar kaka ta zo, ku ƙirga waɗanda ba su zo ba kafin ku ƙirga buhuna, kashegari kuma ku je gidajensu ku ji dalili. Kai kuma mai karatu, kafin ka tambayi abin da za ka kai majami'a, je ka duba gayaunarka. In ciyawa ta rufe ta, fartanya tana nan, gobe da asuba ma lokaci ne.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai godiya, a cikin samu da a cikin rashi. Amin.